Silindar haidirayid tana yin sanyi ƙarara, sel ɗin na mutuwa bayan minti 20

Auwal: Assalamu alaikum, manyanmu a taimaka. Muna da sel ɗin haidurojin (na'urar da ke maida haidurojin wutar lantarki) irin PEM, wato mai siririyar fatar roba a tsakiya, mai wat 500, da silinda guda mai garin ƙarfe a ciki (haidirayid, mai shan haidurojin ya adana shi) wadda aka rubuta tana ɗaukar lita 900. Mai sayarwa ya ce garin LaNi5 ne, wato haɗin ƙarafan lantanam da nikel. Haidurojin daga na'urar raba ruwa muke samu, ita kuma daga faifan sola guda huɗu, ta cikin tiyo na mita biyu da kwalbar silika mai shan danshi. An gwada wayoyi, an sauya regileta, an ma sauya fankar sel ɗin. Lita 900 ya kamata ta kai mu fiye da awa biyu, amma minti 15 zuwa 20 gejin matsi ya faɗi, wuta ta ɗauke, jikin silinda ya yi sanyi har yana zufa. Kwanan nan kuma kamar ba ta cika. Saura mako biyu a nuna aikin. Ta lalace ne?

Injiniya Kabiru: Wa alaikumus salam. Lafiyarta ƙalau, zafi ne ba ka ba ta ba. Garin nan ba ya sakin haidurojin sai ya sha zafi, kimanin kilojul 30 kan kowane mol (kusan lita 22 na haidurojin). Sel mai wat 500 yana jan lita 6 zuwa 6.5 a minti, wato silindar na bukatar zafin wat 140 ba tsayawa. Iskar ɗaki ba za ta ba ta wannan ba, sai ta ci daga jikinta. LaNi5 yana ba da kusan bar 2 a digiri 25, kuma duk saukar digiri 17 matsin yana rabewa biyu. Sel ɗinka yana son rabin bar a geji kullum. Ina zai samu? Ka bar ta awa ɗaya ta ɗumama, za ka ga geji ya tashi da kansa. Magani: kwantar da ita a bayan fankar sel ɗin, iskar ɗumin da ke fita ta riƙa bugunta, ko ka sa ta a bahon ruwa mai digiri 30 zuwa 35. In da hali, silinda biyu ko uku a jere, su raba nauyin.

Malama Hadiza: Injiniya, lissafinka daidai ne amma bai amsa rashin cikar ba. Auwal, kwalbar silika kaɗai ba ta isa. Haidurojin na'urar raba ruwa yana fitowa da danshi da ɗan oksijin, su kuma suna rufe fuskar garin har ya daina sha. Tsabtar haidurojin kashi 99.99 ita ce mafi ƙaranci, 99.999 ya fi. Bayan silika a sa matatar oksijin mai faladiyam, sannan wani mai busarwa a bayanta, don ita kanta ruwa take haifarwa. Ka ɗora silindar a sikeli tana wofi, ka ɗora tana cike. Lita 900 giram 80 ne. Idan bambancin giram 50 ne, garin ya fara mutuwa.

Auwal: Malama, silikar tana nan shuɗiya, ba ta sauya ba. Kuma ruwan da muke zubawa tatacce ne. Ban ga ta inda danshi zai shiga ba.

Malama Hadiza: Shuɗi ba ya nuna oksijin. Ka auna tukuna.

Injiniya Kabiru: Rashin cikar ma zafi ne, ba sai an je da nisa ba. Wajen cikawa garin yana fitar da zafin da yake sha wajen sakewa, kusan kilojul 1,200 a cika ɗaya. Ya yi zafi, matsinsa ya kamo na na'urarka, sha ya tsaya, kai kuma ka ɗauka ta cika. A ɗakin da ke digiri 40 abin ya fi muni. Cika ta a ruwa mai digiri 10 zuwa 20, ka jira geji ya tsaya cak kuma jikinta ya daina ɗumi.

Malam Nasiru: Ni dai masu shigo da kayan nan nake zargi. Su rubuta lita 900 da manyan baƙaƙe, amma lita nawa take iya saki a minti ba za ka gani ba. Kuma sunan ma an cakuɗa shi. Ainihin sel ɗin haidirayid shi ne wanda kamfanin Stanford Ovshinsky ya yi a Michigan ta Amurka: garin yana cikin sel ɗin kansa kamar batirin NiMH (mai nikel da haidirayid), ruwansa KOH (sinadarin potash), babu filatinam, yana tashi nan take. Naka PEM ne da rumbu a gefe. Don wat 500, batirin litiyam ya fi araha nesa ba kusa ba.

Injiniya Kabiru: Ba batir ya tambaya ba, Malam. PEM da haidirayid shi ne tsarin jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, Type 212A, tun 2005. Can nauyin garin ba matsala ba ne.

Auwal: Baho ba zai yi kyau a wurin nuni ba, kuma kuɗin silinda ta biyu babu. Akwai hita ta ruwa a nan, ina so in naɗa mata ruwan digiri 60 a tiyo.

Malama Hadiza: Kada ka kuskura da bawul a rufe. A 60 matsin ya ninka sau uku da rabi. Idan LaNi5 ne, bar 7, da sauƙi. Idan kuma mai titaniyam da manganis ne, wanda tun a sanyi ya ninka wancan sau da dama, sai bawul ɗin kariya ya buɗe a ɗaki. Me aka buga a jikin silindar? Kuma a tsaye kake ajiye ta ko a kwance? Garin yana kumbura kusan kashi 25 idan ya sha, a tsaye yana danƙarewa a ƙasa ya tura bango.

Auwal: A tsaye take, haka ta zo a kwali. Takardar jikinta ta goge. Amma mai sayarwa ya tabbatar LaNi5 ne.

Malam Nasiru: Ya tabbatar da baki ko a rubuce?

Auwal: Da baki. Sikelin da muke da shi kuma giram 100 yake tsallakewa. Injiniya, digiri 50 fa?