Neman kalma: me za mu kira distortion da Hausa?

Jama'a ku zo mu yi shawara. Jiya ƙanina ya kira ni wai sifikun kwamfutarsa ta tebur sun lalace, na ce me suke yi, ya ce "Yaya suna wani iri ne dai in na ƙure su". To wani irin nan shi Bature ke ce wa distortion, mu kuma har yau da wani iri muke ta fama.

Da na je na duba ashe yaron ya kai sautin VLC, manhajar kunna waƙa da bidiyo, har 125, na Windows yana 100, ga maɓallin sifikar ya murɗe har ƙarshe, kuma fa sifikun ƙananan nan ne masu shan wuta ta USB, bolt 5 kacal, ina za su kai wannan kaya? Na mayar da VLC ƙasa da 100, na kashe su Loudness Equalization, saitin Windows mai daidaita ƙarfin sauti, na cire jak ɗin daga gaba na soka a koren ramin baya, nan take sauti ya washe. Ba abin da ya lalace, amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ita ce aka tambaye ta abin da ba ta da shi, sai ta riƙa datse kan sautin, abin da Bature ke ce wa clipping, shi ne ake jin kamar ana yaga takarda.

Da na fara neman kalmar, wani malami a nan ya kawo dishewa. Malam na gode amma wanda muryarsa ta dishe ai ƙasa take yi har sai ka matso, wannan kuwa ƙara ce ta yi yawa.

Wata 'yar'uwa ta ce fashewar sauti. Ya yi daɗin faɗa wallahi, matsalar in ka ce wa mai gyaran rediyo sifika ta fashe zai ɗauka takardar ciki ce ta yage, ya sa ka sayi sabuwa a banza. Ita yagaggiyar ma tana da saukin ganewa, ko ka jona ta da waya haka za ta riƙa yi.

Ƙugi kuma a bar shi wa wancan "uuuu" ɗin da ake ji ko ba a kunna komai ba, tsuwa ta makirfo ce in ya kusanci sifika. Jirkicewa fassara ce daidai amma wa zai faɗe ta a shago?

Ni dai shaƙewa ta kwanta min. Muna cewa an shaƙe buhu in an cusa masa abin da ya fi cikinsa, muna cewa murya ta shaƙe in an matse wuya, duka biyun kuma su ne ke faruwa a nan. Na gwada a kan ƙanin nawa, na ce rage ta mana ta shaƙe, bai tambaye ni ma'ana ba ya kai hannu kan maɓallin.

Saboda haka distortion shaƙewar sauti, clipping kuma datsewa. Mutanen Damagaram da Maraɗi in kuna da wata daban ku kawo mu ji.