Askin shag: ta ina ake fara sa almakashi?

Ƴar Koyo: Salam. Antis, kwastoma ta turo hoton askin nan mai hawa-hawa na mutanen da, wai shag. Me sunan yake nufi, kuma ya ake yinsa?

Anti Mai Saloon: Wa alaikissalam ƙanwata. Tsohuwar kalmar Turanci ce, ma'anarta gashi buzu-buzu wanda bai kwanta ba. A shekarun 1970 aka yi yayinsa a Amurka da Ingila, bayan wani mai gyaran gashi, Paul McGregor, ya yi wa jarumar fim Jane Fonda ta fito da shi a fim a 1971. Ki ɗebi gashi kaɗan a tsakiyar kai, ki ɗaga shi sama sak, ki yanke a inci 5 zuwa 6. Shi ne ma'auninki. Duk layin da kika tsaga, ki jawo shi sama ya haɗu da ma'aunin kafin ki yanke. Haka sama zai fito gajere, ƙeya ta rage da tsawonta. Bakin almakashi ya riƙa shiga a tsaye, kar ki datse a kwance, in kin yi haka sai ya fito kamar matattakala.

Uwar Biyu: Ai wolf cut ne, sabon suna kawai.

Anti Mai Saloon: A'a hajiya. Wolf cut ya fi gajarta a sama, ƙeyarsa ta fi tsawo, rabinsa mullet ne, wato askin da gaba gajere, baya dogo.

Mai Wig: Abin tambaya, gashin kanta ne ko wig? In wig ne, kar ki sauka ƙasa da inci 6 a sama, ɗinkin zai leƙo, kuma ba tsirowa zai yi ba. Ki kafe shi a kan dolli da fil. In gashin kanta ne mai nannaɗewa, a bushe za ki yanke, don jiƙaƙƙe yana yaudara, yana bushewa zai tsuke ya koma rabi. Mai rilaksa kuwa ban da reza, bakin gashin tsagewa yake.

Uwar Biyu: Duk wahalar nan ɗankwali ya rufe 😂

Hajiya Babba: Ni ƙarin gashin ma nake so a yi magana a kai, ya halatta?

Admin: Hajiya, a kai wa malamai wannan, nan zauren sana'a ne.

Ƴar Koyo: Wig ne, na roba. Gashin goshin fa?

Mai Wig: Ki bar shi ya wuce gira da inci 1 tukuna, ki rage a kanta. Kuma ki ware masa tsohon almakashi, roba tana dakusar da kaifi.