Direba ko tafinta? A zo mu tsayar da kalma ɗaya

Jama'a, akwai ƙaramar manhajar nan da Turawa ke kira "driver", wadda sai da ita Windows ko Linux ke iya magana da firinta, kyamara ko katin hoto. Masu gyaran kwamfuta "direba" suke ce mata, kuma a shago ana fahimtar juna. A rubuce ne matsalar take, don da ka ce direba ya samu ɓaraka, hankalin mai karatu kan mota zai tafi.

Wasu sun kawo "ɗan aike", wasu "dillali". Ban gamsu ba, domin dukansu a ƙofar gida suke tsayawa. Ni "tafintan na'ura" nake so, jam'insa "tafintoci".

Aikinsa dai fassara ne: tsarin kwamfuta, wato irin su Windows ko Linux, ya yi magana, shi ya juya ta zuwa yaren da na'urar ke ji. Amma abin da ya fi ja na ga kalmar shi ne wurin tsayuwarsa. Tafinta a fada kusa da sarki yake, dogari ba ya tare shi. Galibin waɗannan manhajoji ma a cikin cibiyar tsarin suke aiki, da cikakken iko. Wanda ya samu kafa a jikinsu ya mallaki kwamfutar gaba ɗaya.

Ba tatsuniya ba ce. A 2021 kamfanin tsaron kwamfuta SentinelOne ya bankaɗo ɓaraka a wani tafintan Dell da ake rabawa tun 2009, kuma ƙungiyar Lazarus ta Koriya ta Arewa ta yi amfani da shi wajen kutse. A 2020 Sophos, shi ma kamfanin tsaron kwamfuta, ya nuna yadda masu garkuwa da bayanai na RobbinHood ke zuwa da wani tsohon tafintan kamfanin Gigabyte mai ɗauke da sa hannun amincewa, su dasa shi da kansu, su kashe manhajar tsaro. Wannan ne ke tayar min da hankali: ko ba ka taɓa sayen kayan kamfanin ba, ɓarawo zai zo maka da nasa tafintan.

Gyaran kuwa, duk facin da kamfani ya fitar don toshe ɓaraka a saka shi, a goge tafintocin na'urorin da aka daina amfani da su, a daina saukowa da su daga shafukan da ba na kamfanin ba. Microsoft na da jerin tafintocin da ya haramta, a kunne yake a Windows 11 tun sabuntawar 2022, kada a kashe shi. Linux kuma tun sigar 6.1 ya buɗe ƙofa ga Rust, wani yaren rubuta manhaja, don rage kurakuran ƙwaƙwalwar ajiya.

Ku gwada a baki: "An yi wa tafintan firinta faci." Malamai masu koyar da kwamfuta, ya zauna ko da gyara?