Awon iskar radon a cikin gida

Da aka tattauna kan awon radon, wato wata iska mai tururin nukiliya da ke tasowa daga ƙasa ta taru a cikin gida, yawancin masu magana sun ce kada a dogara da na'urar Geiger, mai gano tururin nukiliya. Tana ƙara dai, amma ba ta bambance radon da sauran tururin nukiliya da ke fita daga bango. Gara wani ɗan faifan roba na awo, wanda ƙwayoyin alfa, wato ƙananan ƙwayoyin da radon ke fitarwa, ke yi wa tabo. A ajiye shi wata uku a ɗakin kwana na ƙasa, nesa da taga da madafa, sannan a kai ɗakin gwaji. Awon kwana biyu kuwa ruɗi ne, don iskar kan hau ta sauka da yanayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar bekerel 100 (ma'aunin yawan tururin nukiliya) a kowace mita kubik ta iska. In awon ya haura haka, a toshe tsagogin daɓe, a ba iska hanya.