Daga ina gishirin kogin Murray yake, kuma yaya ake rage shi?

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum. Masana ruwa a taimaka. Kogin Murray na Ostireliya ba teku ba ne, me ya kawo masa gishiri? Wane magani ake yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Gishirin ya daɗe kwance a ƙarƙashin ƙasa, noma ne ya tashe shi. An sare itatuwan turare masu doguwar saiwa aka shuka alkama, ga ban ruwa da ya wuce kima, sai ruwan ƙasa ya yi ta hawa. Idan ya rage mita 2 ya iso sama, rana kan zuƙe ruwan ta bar fari-fari a kan kunya, sauran kuma ya tsiyaye cikin kogi. A wasu wuraren gishirinsa ya kai na teku.

Maganin da ya fi aiki shi ne tare shi a hanya. Ana jera rijiyoyin burtsatse a gefen kogin, kamar a Woolpunda da Waikerie, a zuƙo ruwan a tura ta bututu zuwa tafkin Stockyard Plain ya ƙafe a can. Idan aka haɗa duk irin waɗannan rijiyoyi na yankin kogin, wajen tan rabin miliyan na gishiri ake kawarwa duk shekara. Matsalar, ƙwayoyin bakteriya da ke cin ƙarfen cikin ruwan suna tara jan datti su toshe famfo, dole a riƙa wankewa da kulorin.

Malama Mai Awo: Injiniya, ka manta lissafi. A garin Morgan da ke bakin kogin ake awon gishirin, kuma ƙa'idar ita ce kada ya wuce EC 800 (EC ma'aunin yawan gishiri ne a ruwa) a kashi 95 cikin ɗari na lokaci. Tun yarjejeniyar da jihohin yankin kogin suka yi a 1988, jihar da ta buɗe sabon aikin ban ruwa mai ƙara gishiri ana rubuta mata bashi, sai ta biya da wani aikin da zai rage.

Amma rijiya kaɗai ba ta isa ba, sai kogin ya gudu. A lokacin farin da aka yi daga 1997 zuwa 2009 bakinsa ya cike da yashi har aka fara yashewa a 2002, tafkin Albert da ke kusa da bakin kogin kuwa ya gagari ban ruwa saboda gishiri. Shi ya sa tsarin kula da kogin na 2012 ya sa burin fitar da tan miliyan 2 na gishiri zuwa teku a shekara.

Ɗan Fadama: Manomi fa, Malama?

Malama Mai Awo: Ya gyara magudana tukuna, sannan ya ƙara kashi 10 zuwa 20 na ruwa don wanke gishirin ya sauka ƙasa da saiwa. In babu magudana, ƙarin ruwan ɓarna ce. Lemo ba ya jure gishiri, sha'ir ya fi.