Keken ɗinkina yana gidan maƙwabcinmu, ni kuma na kasa ƙarasa Addu'ar Ubangiji

Maman Uku:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri ban sa sunana ba, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa.

Ni gwauruwa ce, daga wani ƙauye a ƙasar Michika. A watan Satumba na 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo, an kashe maigidana a ƙofar gidanmu saboda ya ƙi musun Yesu. Ni ina kwance cikin dawa a bayan gida da yara uku, na toshe bakin ƙaramar da gefen zanena. Ta tsakanin kara na ga maƙwabcinmu tsaye tare da su, na ga ya ɗaga hannu ya nuna ƙofarmu. Mutumin da shekara da shekaru muke kai musu shinkafar Kirsimeti, su kawo mana naman Sallah.

Muka bi duwatsu muka isa Mubi. Ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi, muka sake gudu har Yola. Da muka dawo gida babu rufi, babu buhu ko ɗaya, babu keken ɗinkin da maigida ya saya mini. Na yi shiru, muka sake gini. Shi ma maƙwabcin yana nan. Mukan haɗu a hanya, ya sunkuyar da kai, ni ma in kau da nawa.

Watan da ya wuce akuyata ta faɗa gidansu, na bi ta. Ga kekena a ƙarƙashin rumfa. Na gane shi da waldar da aka yi wa matakarsa, da harafin sunana da maigida ya zana da ƙusa a jikin katakon. Matarsa ta ga na gani, ta jawo zane ta rufe shi. Na kama akuyata na fito, ƙafafuna na rawa.

Matsalata biyu ce. In ana Addu'ar Ubangiji a sujada, da an zo wurin gafarta wa masu yi mana laifi sai bakina ya mutu. Shekara uku ban ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa a sujada. Ta biyu, babban ɗana, wanda yake da shekara 9 a ranar da aka kashe babansa, ya ji labarin keken. Shekaranjiya ina shara na tarar da adda a wase ƙarƙashin katifarsa, alhali ba lokacin sharar gona ba ne. Me mai bi zai yi? In yi shiru in bar wa Allah? In kai ƙara? In kwashe yarana mu bar garin?

Uwar Zumunta:

Wayyo 'yar'uwa, sannu. Allah ya ta'azantar da ke. Ki fara da addar nan tun yau, sauran maganar za ta iya kwana. Kada ki ɗauke ta a ɓoye, zai nemo wata. Ki ajiye ta a gabansa ku zauna, ki ce masa kin binne miji, ba za ki iya binne ɗa ba. In yana da kawu ko baffa da yake jin nauyinsa, ki kira shi. Kuma ki gaya wa mata biyu a Zumuntar Mata waɗanda bakinsu ba ya yawo, kada ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai.

Ɗan Dutse:

Mama ki gafarce ni, amma ni na fahimci ɗanki sarai. Kullum haƙuri, kullum a juya ɗaya kumatun. Kumatu biyu Allah ya ba mu, duka an mara. 'Yan matan Chibok 276 aka kwashe a Afrilun 2014, har yau wasu ba su dawo ba. Leah Sharibu tun Fabrairun 2018 take hannun 'yan Boko Haram, an sako sauran 'yan matan Dapchi an riƙe ta don ta ƙi barin bangaskiyarta. Deborah Samuel, ɗaliba Kirista, aka kashe a Sakkwato a 2022 da rana tsaka. Mu kuma sai waƙa da azumi. Hausawa ma sun ce rama cuta ga macuci ibada ne.

Tsohon Fasto:

Ɗana Ɗan Dutse, ban ga laifinka a fushi ba. Sunayen da ka lissafa duka ina kuka da su. Amma karin maganar da ka kawo ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, abin da ke ciki shi ne Romawa 12:19, cewa ramako na Ubangiji ne. Ka kuma yi tunanin abin da zai biyo baya in yaron nan ya shiga gidan da adda. Kafin gari ya waye an ƙone gidan uwarsa, an bi majami'a, mu ma namu sun bi masallaci, kuma waɗanda za su mutu ba su ne suka nuna ƙofar kowa ba. Na yi jana'izar irin waɗannan da hannuna, ba labari aka ba ni ba.

'Yata Maman Uku, ke nake so in yi wa magana a tsanake. Ina jin mu fastoci mun cuce ku a wuri ɗaya: mun koya muku kamar gafara ita ce a rufe baki a yi kamar ba a yi komai ba. Ba haka Littafin ya nuna ba. Da aka mari Yesu a gaban babban firist, Yahaya 18:23, bai rama ba, amma ya tambayi mutumin dalilin da ya mare shi. Da aka yi wa Bulus da Sila bulala a Filibi aka jefa su kurkuku, washegari aka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ƙi fita. Ya ce an doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da ƙafarsu. Suka zo kuwa, suka ba da haƙuri. Yusufu ya yafe wa 'yan'uwansa, amma ya faɗa musu a fuska cewa mugunta suka nufe shi da ita. Duk cikinsu babu wanda ya ɗauki wuƙa, babu kuma wanda ya haɗiye gaskiya.

Shekarun nan kina haɗiyewa, shi ya sa addu'ar ta maƙale a wuya. Yaya za ki yafe abin da ba a taɓa ambata ba?

Zancen Jibi kuma, ki je ki sami fastonki ki faɗa masa yadda kika faɗa mana. Teburin nan ba na waɗanda suka gama warkewa ba ne. Mai ƙulla mugunta ya ƙi saki daban yake da mai so ya yafe ƙarfinsa ya kasa. In kin zo layin nan a addu'a bakinki ya mutu, ki ce a zuci, Ubangiji ina so, ka taimake ni. Ki riƙa karanta Zabura 13, wadda ta fara da tambayar Allah har yaushe. Zabura 88 ma har ta ƙare ba ta fita daga duhu ba, kuma ba a cire ta daga Littafin ba.

Kin san Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika da aka kashe a Janairun 2020. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar ya yi magana cikin natsuwa, ya ce kome a hannun Allah yake, kada a yi kuka, a gode wa Allah. Muna yawan kawo shi misali, kuma ya cancanta. Sai dai kada ki auna kanki da shi ki ce kin fāɗi. Shi alherin ranar mutuwa aka ba shi. Ke naki aikin kwana da tashi ne kusa da mutumin, katanga ɗaya tsakaninku, wannan kuwa wani irin gicciye ne dabam.

Ɗan Dutse:

Baba na ji, ban ce ya je ya sare shi ba. Amma shi mutumin ya ci bulus ke nan?

Malamar Firamare:

Bai ci bulus ba. Barin ramuwa dabam, barin shari'a dabam. Bulus da kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Laifin kisa ba ya tsufa, in Mama ta so kai ƙara ko yau tana da dama, kuma ba zunubi ba ne. Amma a faɗi gaskiya, shaidarta ita kaɗai ce, daga cikin dawa, bayan shekaru. Ta yi shawara da lauya da dattawan ikkilisiya tukuna, ta kuma duba lafiyarta da ta yara, don in an kama shi an sake shi ita ce za ta kwana kusa da shi.

Wani abu kuma, kada a ce ina kare shi. A lokacin an tilasta wa mutane da yawa, ko ka nuna ko a yanka ka da 'ya'yanka. Wasu kuma da son ransu suka yi, suna kwaɗayin gona da kaya. Ba mu san ko wanne ne shi ba, Mama ma hannu ta gani, ba ta ji abin da aka faɗa ba. Keken ne ƙofar shiga. Kada ta je ita kaɗai, kada kuma ɗan ya bi ta. A sami dattijo ɗaya na ikkilisiya, da mai unguwa, da limaminsu in mai gaskiya ne, a zauna a ce ga kayan marayu a gidanka. Yadda zai amsa zai nuna muku irin mutumin. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba a gaban Yesu ai ba da baki ya tsaya ba, mayar da kayan mutane ya yi.

Ɗan Dutse, ka san Fasto James Wuye na Kaduna? Shugaban matasa masu faɗa ne a da, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu a rikicin. Sun haɗu a 1995 suka fara aikin sulhu tare, amma Wuye da bakinsa ya ce ya yi shekaru suna tafiya tare yana jin kamar ya kashe Ashafa. Abin ba dare ɗaya ba ne ko ga fasto.

Daga Damagaram:

Gaisuwa daga Nijar. Mu ma a Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu. Wadda ta ɓoye mu a ɗakinta Hajiya ce maƙwabciyarmu, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta ta ce babu kowa ciki. Ki riƙa ba ɗanki irin wannan labarin ma, kada fuskar mutum ɗaya ta zame masa fuskar Musulmi duka. Ga Imam Abubakar Abdullahi na Barikin Ladi da ya ɓoye mutane 262 a masallaci da gidansa a Yunin 2018. Kuma bam ɗin da aka tayar a Mubi a Nuwamban 2017 a masallaci aka tayar da shi, ana sallar asuba.

Baƙon Jos:

Ni dai na ce in akwai hali ku tashi. Yesu ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan, Matiyu 10:23. Bulus ma a kwando aka zuraro shi ta garun Dimashƙu. Ni na baro Gwoza ban koma ba, kuma ba na jin na yi wa Ubangiji laifi. Ko yaron kaɗai a tura shi koyon sana'a wani gari na ɗan lokaci.

Uwar Zumunta:

Tashi ba zunubi ba ne, gaskiya. Amma yaro in ya tafi da abin a ciki, da shi zai dawo. Ikkilisiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) ta sha shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya tun bayan da 'yan Boko Haram suka kori mutane daga hedikwatarta a Kwarhi, na halarci ɗaya, kwana uku muna kuka maza da mata. Ki tambayi fastonku ko akwai wani a kusa, ku je ke da shi. Yaron nan ya ga abin da kika gani yana ɗan shekara 9, wa ya taɓa tambayarsa?

Maman Uku:

Na gode ƙwarai, na karanta duka har sau biyu. Uwar Zumunta, tambayarki ta ƙarshe ta soke ni, don ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Daren jiya na ajiye addar a tabarma na kira shi. Ya daɗe bai ce kome ba, sannan ya ce shi abin da yake tunawa takalmin babansa ne, ƙafa ɗaya ya cire ya faɗa cikin kwata, kullum yana mafarki yana neman ɗaukowa. Muka yi kuka har ƙannensa suka tashi. Addar yanzu tana wurin baffansa.

Garin ba zan bari ba, kabarin maigida yana nan. Zancen ƙara ban yanke ba tukuna. Baba Fasto, Jibi ma ban yi alkawari ba, amma gobe zan ga fastonmu. Na yi magana da dattijo ɗaya, ya ce zai sami mai unguwa ranar Asabar bayan kasuwa a sa rana. Ɗana ya ce in an karɓo keken shi zai ɗauko a kansa, na ce a'a, baffansa zai kawo baro.