An gyara motar, saura kuɗin da ta rasa a kasuwa

Ɗan Atlanta: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san Alhaji zai ce na zama Bature. Wata biyu ke nan, ina tsaye a danja wani ya daki motata ta baya. Laifinsa ne, ɗan sanda ya rubuta haka, inshorarsa ta biya gyara: sabon murfin but, sabuwar bamba, aka ja ƙarfen baya aka yi fenti. Mota ta fito tsaf. Da na kai ta wajen masu sayar da motoci don musaya, mutumin ya buga lambar casis a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motoci, hatsarin ya fito, nan take ya zaftare dala 3,500 daga kuɗin irinta. Na koma wa kamfanin inshorar na ce su cike min giɓin, suka ce dala 720 za su bayar. Ni kam kotu zan je.

Alhaji Dillali: Wa alaikumus salam. Ai ka riga ka faɗa da bakinka. Mutum ya ɓata, ya gyara, mota tana tafiya, kai ma Allah Ya tsare ka ko ƙwarzane babu. Me kuma ya rage? Biyan ɓarna dai gyara ne. Duk abin da aka nema bayan gyara, ka yi haƙuri ƙanena, sunansa kwaɗayi.

Oga Mai Fenti: Alhaji, da girmanka, ni kada ka sa in yi magana. Shekara nawa ina ganinka kana zagaya mota da mayen ƙarfe a hannu kana manna shi a ƙofa? Inda ya ƙi kamawa ka ce akwai fila, ka ɗaga robar ƙofa ka duba ko fentin ciki ya yi daidai da na waje, ka leƙa kan kusoshin bonet ko sifana ta taɓa su. In ka ga alama ɗaya sai ka ce wa mai mota, "wannan ai ba fes bodi ba ce," ka rage masa kuɗi mai kauri. Aikina ne kake rage wa daraja kullum, ko da na yi shi yadda ido ba zai gane ba.

Alhaji Dillali: Wannan ciniki ne, Oga. Mai saye yana taya yadda ya ga dama, mai kaya ya ce albarka in bai yi masa ba. Ciniki daban, shari'a daban.

Barista: Ai a nan ciniki da shari'a ba su rabu ba, Alhaji. Kotu ba ta da wani ma'auni na darajar kaya in ba kasuwa ba, kasuwar kuma ku ne. Idan duk dillalan gari za su rage wa motar da ta taɓa hatsari kuɗi, to kuɗinta ya ragu ke nan, alƙali ba zai ƙirƙiro wani farashi daga aljihunsa ba. Ƙa'idar biyan ɓarna ita ce a mayar da mutum inda yake kafin a cuce shi. Da safe yana da kayan dala 24,000, da yamma bayan gyara yana da kayan 20,500. An mayar da shi?

Hajiyar Houston: Bari in sa baki tunda aikin da nake ci da shi ke nan, lissafin biyan inshora. Yaya na Atlanta, zan iya faɗa maka inda 720 ɗin nan ta fito ko ban ga takardarka ba. Akwai wani lissafi da ake kira 17c. Ana ɗaukar kashi 10 cikin ɗari na kuɗin motar a ce shi ne iyaka, a naka 2,400 ke nan in dai 24,000 ce kamar yadda Barista ta kawo. Sai a duba girman ɓarnar, in matsakaiciya ce a raba biyu, ya koma 1,200. Sai a duba tafiyar da motar ta yi: tsakanin mil 40,000 da 60,000 ana barin kashi 60 cikin ɗari ne kawai. Ga 720 ɗinka. Motar da ta kai mil 100,000 kuwa sifili ake ba ta, wai ba ta rasa komai ba.

Ɗan Atlanta: Wallahi mil 45,000 ne a kanta. Kamar kina wajen.

Hajiyar Houston: Sunan ma daga jiharku ya samo asali. A 2001 Kotun Ƙolin Jojiya ta yanke hukunci a shari'ar State Farm da Mabry cewa kamfanin inshora ba zai tsaya a gyara kaɗai ba, dole ya duba ko darajar motar ta faɗi ya biya mai ita, ko da mutumin bai roƙa ba. Motocin da abin ya shafa suna da yawan da ba za a bi su ɗaya bayan ɗaya ba, shi ne aka yi amfani da wannan lissafi, wanda ke sakin layi na 17, kashi na c, a umarnin kotu. Kamfanoni suka ga yana fitar da kuɗi kaɗan, suka rungume shi har a jihohin da ba ruwansu da shari'ar. Ba doka ba ce. A 2008 ma ofishin kwamishinan inshora na Jojiya ya fito ya ce shi bai amince da wani lissafi guda a matsayin na hukuma ba.

Alhaji Dillali: To Hajiya, tunda ke ce a ciki, ki faɗa mana gaskiya. Duk Amurka haka ake yi, ko Jojiya ce kawai ta ɗaure wa mutane gindi?

Hajiyar Houston: A nan kana da 'yar gaskiya, Alhaji. Mu a Texas, Kotun Ƙoli ta ce a 2003, a shari'ar Schaefer, idan inshorarka ce ta kanka kuma takardar ta ce "gyara ko canji," to gyara ya wadatar. Florida ma haka ta ce a 2002. Amma wannan magana ce tsakanin mutum da kamfanin da ya yi yarjejeniya da shi, abin da aka rubuta shi ake bi. Na yaya daban ne. Shi wani ne ya buge shi, ba su da wata yarjejeniya, haƙƙin ɓarna yake nema, kuma yawancin jihohi sun yarda da wannan.

Alhaji Dillali: Na ji. Ga tambayata da ba wanda ya amsa. Ya sayar da motar? Bai sayar ba. Tana ƙofar gidansa, gobe zai hau ta ya tafi aiki. In ya riƙe ta shekara goma har ta tsufa, wa zai tambaye shi hatsarin bana? Ya karɓi 3,500 na asarar da bai yi ba. Kuma kuɗin nan ba daga sama suke zuwa ba, badi a ƙara wa kowa kuɗin inshora.

Barista: Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a ɓangarenku, kuma lauyoyin kamfanoni sun daɗe suna kawo ta. Kotunan Ingila sun amsa ta. A shari'ar Coles da Hetherton ta 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce asarar tana aukuwa ne a lokacin da aka daki motar, kuma ainihinta faɗuwar daraja ce. Kuɗin gyara hanya ce kawai ta auna ta. Abin da mai mota ya yi da motarsa daga baya, ya sayar, ya ajiye, ya bayar kyauta, ba ruwan wanda ya yi ɓarnar. Sai dai akwai sharaɗi, tun shari'ar Payton da Brooks ta 1974: in ka ce gyara bai maido da darajar ba, kai za ka kawo hujja. Mai ƙarar a waccan shari'a bai kawo ba, bai samu ƙarin ba.

Malam na Zaure: Ina ta karantawa ina murmushi, don kun tafi Ingila neman abin da ke cikin littafin da ake karantawa a zaurukanmu. A Muhtasar, Shehu Halilu ya yi maganar wanda ya yi ta'adi a kan kayan wani. In ɓarnar ba ta kashe amfanin kayan ba, zai biya abin da ya ragu, kuma in tufa ce sai ya gyara ta tukuna. Masu sharhi suka ce bayan ɗinkin a sake kimantawa, in har yanzu ba ta kai kuɗinta na da ba, ya cika. Har ya kawo misalin yanke wutsiyar dabbar hawa ta mai matsayi, irin alfadarin alƙali. Dabbar tana tafiya lafiya lau, ƙafa huɗu, amma mai ita ba zai ƙara hawanta ya shiga jama'a ba. Aka ce yana da zaɓi, ya riƙe ta a biya shi ragin, ko ya bar wa mai ɓarnar ita ya karɓi cikakken kuɗinta. To ka ga tafiya kaɗai ba ita ce darajar abin hawa ba.

Alhaji Dillali: Allah gafarta Malam, ba na ja da littafi. Amma yafiya fa? Mu da aka san mu da "Allah Ya kiyaye gaba"?

Malam na Zaure: Yafiya alheri ce, Alhaji, amma sai abin da yake naka kake yafewa. Ka fara yarda haƙƙinsa ne tukuna. In ya bari, lada. In ya karɓa, ba a kiransa mai kwaɗayi.

Oga Mai Fenti: Mu nan Najeriya ai ko maganar ba ta tasowa. A yi karo, a taru, a zo garejina da mai laifi, a yi ciniki da ni, ya biya rabi ya ce sauran sai wata ya yi. Mai mota in ya samu aka yi masa fenti mai kyau har godiya yake yi. Ranar da zai sayar ne zai gane, lokacin wancan ya daɗe da canza lamba.

Barista: Ga kuma inshorar dole ta naira 15,000 da NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ta sa tun Janairun 2023, iyakar abin da take biya na ɓarnar dukiya naira miliyan 3 ne ga motar gida. A farashin kayan gyara na yanzu, babban karo ɗaya zai cinye ta kafin a zo batun daraja. Ƙofar kotu a buɗe take, amma wa zai yi shekaru yana zarya a kan wannan?

Ɗan Atlanta: To ni yanzu me zan riƙa? Maganar dillali ɗaya ce a hannuna, ita ma da baki.

Hajiyar Houston: Ita kaɗai ba za ta yi ba, za su ce dillali dama neman araha yake. Ka biya mai kimanta motoci mai zaman kansa ya rubuta maka rahoto, da farashin irin motarka masu hatsari da marasa hatsari a yankinku. Ka haɗa da takardar gyaran da ta nuna an taɓa ƙarfen jiki, don ita ce ke da nauyi, canjin bamba kaɗai ba ya rage wani abin kirki. Kada ka sa hannu a takardar sallama, mai cewa ba ka da sauran haƙƙi a kansu, kafin ka karanta, kada kuma ka ɗauka lallai 3,500 za ka samu, yawanci a tsakiya ake haɗuwa. In sun ƙi, ƙaramar kotun majistare a Jojiya tana sauraron ƙara har ta dala 15,000, kuma kana da shekara 4 daga ranar hatsarin. Direban za ka kai ƙara, kamfaninsa ne zai zo ya tsaya masa.

Alhaji Dillali: Ni dai har yanzu ina ganin wahalar ta fi kuɗin. Amma ƙanena, in kun gama shari'ar kada ka ba wa wancan dillalin. Turo min hotunanta da lambar casis, ina da kwantena da za ta taso zuwa Kwatano bayan salla.

Ɗan Atlanta: Nawa ka taya, Alhaji?

Alhaji Dillali: Sai na gani tukuna. Ka san fa mai hatsari ce.